Ranar da Na Kira Mai Hannun Hagu

Ko da zan tsufa har in riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, akwai wata safiyar Laraba da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Shekaru sun ja, na shiga azuzuwa iri-iri, amma har yau in na tuna da ita sai na ji tafin hannuna ya jiƙe.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, aka tura mu koyarwar gwaji, wadda muke kira TP. Wanda bai yi karatun malanta ba ba zai gane tsoron da ke cikin waɗannan haruffa biyu ba. Za a kai ka wata makaranta ka yi zango guda kana koyarwa, sannan wata rana malami daga kwaleji ya zo ya zauna a bayan aji da birosa, ya kalle ka tun daga sallama har a kaɗa ƙararrawa. In ya kayar da kai, shi ke nan, sai baɗi. 'Yan ajinku su gama su tafi, kai kana nan kana gaisawa da ƙannenka. Ni kuwa da ma na riga na cika baki a gida cewa ba ci kawai zan yi ba, da maki mafi girma zan fito.

Wata firamaren gwamnati aka tura ni, can wajen Gabukka. Ni kuma 'yar unguwar Fedaral Lo-Kos ce, mahaifina ma'aikacin gwamnati, makarantar kuɗi na yi, inda kowa ke da kujerarsa ga fanka tana juyawa. A kwaleji an koya mana wani darasi a kan ilimi da al'umma, na fito daga cikinsa kaina ya ɗau zafi. Ko'ina na zauna maganata ɗaya ce: kowane yaro daidai yake da kowane yaro, kuma malamin da ya bambanta su azzalumi ne. Har Dada, mahaifiyata, ta sa min suna Alƙaliya, don ko nama take raba wa ƙannena sai na sa baki.

Mu uku aka tura makarantar. Akwai ƙawata, Batangaliya, wato 'yar ƙabilar Tangale, 'yar wani tsohon malamin ƙauye, mai sanyin magana amma ba a kayar da ita a musu. Akwai kuma wani ɗan ajinmu daga garin Kwadon, mai barkwanci, wanda bai ɓoye wa kowa cewa takardar shaidar kawai yake so ba. Kullum lokacin hutun tara muna ƙarƙashin darbejiya muna cin awara muna gardama a kan abu ɗaya.

“Adalci shi ne tambaya ɗaya ga kowa, lokaci ɗaya ga kowa, hukunci ɗaya ga kowa,” in ji ni.

Ƙawata ta ce, “To wanda aka fara tafiyar babu shi fa? Babana cewa yake, in kin yi wa kowa iri ɗaya, na gaba kika yi wa.”

Na Kwadon ya kwashe da dariya. “Ku dai kuna son wahala wallahi. Aji kamar kasuwar dabbobi? Ku koyar da na gaba ku tafi gida, na baya Allah zai kawo musu nasu.”

Haushinsa nake ji sosai. Ƙawata kuwa gani nake ta cika son rikita abu mai sauƙi.

Aji huɗu aka ba ni. Yara sun cika shi maƙil, na gaba a kan benci, na baya a kan tsofaffin tabarmi da buhunan siminti. Yawancin na bayan ba su daɗe da shigowa ba. Wasu 'ya'yan mutanen Borno ne da rikici ya koro, wasu daga ƙauyuka aka kawo su wajen dangi, Hausar ma ba ta gama zama a bakinsu ba, balle Turanci. A cikinsu akwai wata yarinya doguwa, 'yar Kanuri, wadda ta girmi ajin nesa ba kusa ba. Jikin taga take zama, ta naɗe ƙafafu, hijabinta ya koɗe amma kullum a wanke. Tunda na zo ban taɓa jin muryarta ba.

Ni kuma ga yadda nake adalcina. In jefa tambaya da Turanci ga aji duka, in jira hannuwa. In na kira namiji, na gaba mace zan kira. In na kira Musulmi, na gaba Kirista. Ɗan hedimasta ma yana ajin, kuma ranar da ya makara sai da ya tsinci leda kamar kowa. Kai, ina ji da kaina! Na baya ba sa ɗaga hannu, amma sai in ce wa raina ai ban hana kowa ba, ƙofa a buɗe take. Yanzu in na tuna wannan yarinyar da nake a lokacin, dariya take ba ni, tausayi kuma take ba ni.

Malamar ajin ta asali, wadda aka haɗa ni da ita, dattijuwa ce da ta kusa ritaya. Kowa Anti yake ce mata, da na zo sai yara suka mai da ita Anti Babba, ni Anti Ƙarama. Mace ce mai kirki, ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta, har ɗumamen tuwo take zuwar min da shi.

Ana nan sai labari ya iso cewa wani malaminmu da ake kira Dokta ne zai duba makarantunmu. Duk kwaleji an san Dokta. Ba ya faɗa, ba ya tsawa, amma abu ɗaya ne ba ya yafewa: a shirya masa wasan kwaikwayo. An ce shekarar da ta wuce ya kayar da wata ɗaliba saboda ya gane ta yi wa yara bitar darasin tun kafin ya zo, har suna ba da amsa tun ba ta gama tambaya ba. Ranar Talata wata 'yar ajinmu ta kira ni ta ce ya gama da ɓangarensu, gobe mu ne.

Anti ta ja ni gefe. “'Yata, ki saurare ni. Gobe da safe mu kwashe na bayan nan mu kai su ajin da ke kusa, in baƙonki ya tafi su dawo. Haka ake yi. Ki bar masu kai, ki samu makinki.”

Wayyo, da ma ban buɗe baki ba. Na tsaya na yi wa matar da ta isa ta haife ni lacca. Na ce yaran nan ba shara ba ne da za a ture bayan ƙofa in baƙo zai zo, na ce ko zan faɗi, da su zan faɗi. Ta kalle ni, sannan ta gyara mayafinta.

“To, Allah ya ba da sa'a,” ta ce. “Je ki kasuwa ki sayo kayan aikinki tun da wuri, zan riƙe miki ajin.”

Na yi godiya na tafi. Na sayo kwali da alƙalamin zane da lemo, don darasin lissafi zan yi, yadda ake raba abu ɗaya gida biyu, gida huɗu, da yadda ake haɗa su. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba game da abin da Anti za ta yi da ajin a bayana.

Da safe ko shayi ban iya sha ba. A cikin keke ina ta maimaita darasin a zuci, mai keken ya yi min magana har sau biyu ban ji ba. Bayan an shiga aji da kaɗan sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a gindin darbejiya. Dokta ya fito, siriri, da farar hula da jaka a hammata. Ya yi sallama, yara suka miƙe suka gaishe shi da ƙarfi, ya wuce can baya aka ba shi kujera, daf da masu zaman tabarma. Anti ta tsaya a baranda, jikin ƙofa.

Na fara darasi. Na manna kwalina, na yi bayani da Turancin da na kwana biyu ina gogewa, sannan na jefa tambayar farko. Abin da na gani ya sa na kusa sakin alli. Hannuwa! Ajin gaba ɗaya, daga benci har tabarma, kowa ya ɗaga. Na kira wata ta gaba, ta ba da amsa daidai. Na sake tambaya, aka sake ɗagawa. Na kira wani yaro, shi ma daidai. Zuciyata ta yi fari ƙal. Na ce a raina, kin gani ko? Da ma lokaci kawai suke buƙata. Ina ma ƙawata tana nan ta ga yadda yi wa kowa iri ɗaya yake aiki.

A tambaya ta uku idona ya kai jikin taga. Doguwar yarinyar nan, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. Ba sama sosai ba, amma ta ɗaga. Wani daɗi ya rufe ni har na ji ƙwalla. Na ce yau ga ranar da zan nuna wa Dokta cewa a ajina babu ɗan gaba babu ɗan baya. Na nuna ta da murmushi na ce ta tashi.

Ta ɗago ta dube ni kamar na mare ta. Ta miƙe a hankali, ta sunkuyar da kai. Na maimaita tambayar. Shiru. Na sake maimaitawa a hankali. Shiru. Sai na lura ajin ya fara motsi, yara suna kallon juna, wasu suna kallon ƙofa. Monitar ajin, wata 'yar ƙarama mai bakin tsiya da ke zama a bencin farko, ta kasa haƙuri.

“Anti, ba ita ba! Ai hagu ta ɗaga!”

Na ce, “Me kika ce?”

“Hagu ta ɗaga, Anti. Anti Babba ta ce in baƙo ya zo kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga na dama, wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu, ke kuma na dama za ki riƙa kira. Kin manta ne?”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kin manta ne! Da babbar murya ta faɗa, da zuciya ɗaya, ita a ganinta taimakona take yi. Ajin ya yi tsit. Na dubi ƙofa, Anti ta dafe bakinta da gefen mayafi. Na dubi baya, Dokta ya daina rubutu, ya ajiye biron a kan littafinsa.

A cikin wannan ɗan lokacin babu abin da ban tuna ba. Na tuna ɗalibar bara. Na hango kaina ina gaya wa mahaifina sai baɗi. Bakina ya cika da magana: Sa, wallahi ban sani ba, ba ni ba ce, ga wadda ta shirya. Amma yaya zan nuna dattijuwa da yatsa a gaban yaran da take koyarwa, a gaban baƙo, ana saura ƙiris ta yi ritaya? Kuma ko na rantse, wa zai yarda? Duk wanda aka kama ai haka yake cewa. Na tsaya riƙe da alli, yarinyar nan kuma tana tsaye har yanzu, hawaye yana ɗiga a kan hijabinta, ba ta ko share shi.

Dokta ya miƙe. Na ce shi ke nan, fita zai yi. Sai ya dafa kafaɗar wani yaro da ke kusa da shi, ya yi magana da Hausa, a hankali.

“Yara, ba wanda za a daka. Duk wanda ya ɗaga hagu ɗazu, ya sake ɗagawa in gani.”

Da farko ba wanda ya motsa. Sai ɗaya ya ɗaga, sai wani, sai wata. Na bayan duka. Na tsakiya kusan duka. Har a benci na biyu, yaran da nake rantsuwa suna bina, suka ɗaga. Masu hannun dama ba su fi cika benci biyu ba. Makonni ina tsaye a gaban ajin nan ina ji da adalcina, ashe da 'yan tsirarun nan kaɗai nake magana.

Dokta ya dube ni ya ce, “Malama, ga ajinki. Ci gaba.” Ya koma ya zauna.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, ina jin dai tsabar rashin mafita ne. Na ce tunda na riga na faɗi, bari aƙalla in share wa yarinyar nan hawaye. Na bar kwalin a jikin allo, na ɗauki ledar lemo, na tsallake ƙafafun yara na je baya na durƙusa a kan tabarma. Na saki Turanci, duk da na san a aji huɗu ana rage maki a kan haka. Na ɓare lemo ɗaya na miƙa mata.

“Zauna. Kina da ƙanwa?”

Ba ta gane ba. Wata ta kusa da ita ta faɗa mata da Kanuri, ta gyaɗa kai.

“To lemo ɗaya ne, ke da ita. Raba.”

Ta raba shi biyu. Ta duba, ta ga ɗaya ya fi, ta ciro ɓari ɗaya daga babban ta mayar wa ƙaramin, ta sake dubawa. Na ɗaga su sama na tambayi na baya yaya ake kiran kowane ɗaya. Aka ce rabi. Wani ya faɗa da Fulatanci, wata da Tangale, aka yi dariya, ajin ya ɗan saki. Na ce to ku huɗu ne yanzu. Ta sake rabawa ba tare da an fassara mata ba. Sai a lokacin na koma allo na rubuta ɗaya bisa biyu, na ce wannan da kuke gani yana ba ku tsoro, abin da ke hannunta ne. Muna cikin ɗaya bisa huɗu aka kaɗa ƙararrawa. Ban kai ko tsakiyar abin da na tsara ba. Babu haɗawa, babu taƙaitawa, babu aikin gida.

A al'ada malami yakan kira ka gefe ya gaya maka kurakuranka. Dokta ya rufe littafinsa, ya yi wa yara sallama, ya shiga motarsa ya tafi. Ko kallona bai yi ba.

Anti ta same ni a bayan aji. “'Yata, ki yafe ni. Wallahi don ke na yi. Kin ƙi a fitar da su, na ce to bari in rufa miki asiri ta wata hanyar. Na so in gaya miki da safe, na san halinki, na ce ai na gaba kike kira kullum. Mu ma haka aka yi mana.”

Raina a ɓace yake matuƙa, amma ganin idonta ya yi ja sai na sassauto. Ta ce za ta je kwaleji ta faɗi gaskiya, na hana ta, don na san in magana ta koma wajen hedimasta ita za ta kwana a ciki. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne wannan maganar tata. Ai na gaba kike kira kullum. Ta fi ni sanin yadda nake koyarwa.

Na Kwadon da ya ji labari ya riƙe ciki yana dariya, ya ce in fara neman ɗakin baɗi tun yanzu. Da ya ga fuskata, ya je ya sayo min ruwan sanyi. Ƙawata kuwa, Allah ya saka mata, ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta raka ni har bakin titi tana riƙe da hannuna.

Sauran makonnin TP a cikin zullumi na yi su. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Na rame har Dada ta tsare ni ta ce, “Alƙaliya, wa ya yi miki rashin adalci?” Na ce zafi ne kawai. Ban iya gaya wa kowa a gida ba. A aji kuwa, washegari da na yi tambaya sai wasu 'yan baya suka ɗaga hagu suna ƙunshe dariya. Na yi niyyar tsawatarwa, sai na fasa. Na ce daga yau haka za mu riƙa yi, ba don baƙo ba, don ni. Wanda bai gane ba ya ɗaga hagu, kuma wajensa zan fara zuwa. Darasi ya koma tafiyar hawainiya, masu kai na gaba suna ƙorafi, ni ma wani lokacin in ji kamar in yi ihu. Ana saura kwanaki in tafi, doguwar yarinyar nan ta ɗaga hannun dama. Amsar ba daidai ba ce, amma ranar na ji muryarta.

Da muka koma kwaleji na riƙa kauce wa Dokta, har wata rana muka yi kiciɓis a baranda, babu hanyar gudu. Na gaishe shi, sai kawai na ji bakina yana cewa, “Sa, maganar ranar nan, wallahi...”

Ya ɗaga min hannu. “Na san ba ke kika shirya ba. Wannan dabarar ta girme ki. Wanda ya shirya ta ba ya kiran mai hagu, balle ya kira ta yana murmushi.”

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na ce, “To Sa, na ci?”

“Kin ci, da ƙyar. Ba don kin yi Hausa na rage miki ba, ba kuma don ba ki gama ba. Na rage ne don kin yi makonni a ajin nan, sai da ni baƙo na zo kika san su waye ba sa ganewa.” Ya gyara jakarsa ya wuce.

Makina shi ne mafi ƙanƙanta a cikin mu uku, na Kwadon ma ya fi ni, kuma bai bar ni na manta ba. Na shiga banɗaki na yi kuka, rabi na murna rabi na kunya.

Abin da na koya ke nan, kuma ba a littafi na koye shi ba. A da ina ganin in ban nuna wa kowa bambanci ba na gama adalci. Ashe ana iya raba tambaya daidai wa daida tsakanin mace da namiji, Musulmi da Kirista, amma a bar mafi yawan aji a zaune a duhu, don wanda bai gane ba shi ne wanda ba ya magana. Malami ne zai tashi ya je ya neme shi. Har yau duk ajin da aka ba ni, a ranar farko nake gaya musu dokar hannu biyu. In na yi tambaya, ina ganin masu dama suna ta miƙewa suna kiran Anti, Anti, sai in ce su yi haƙuri, in tattara zanina in nufi baya.